Ina So In Zama Darakta Mai Cin Gashin Kansa: In Sayar Da Filina In Yi Fim?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Gusau, shekaruna 26, na gama difloma. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar gajerun bidiyo da waya, ni da abokaina, muna sakawa a Facebook da TikTok. Akwai wani labari da na daɗe ina rubutawa, kuma burina in zama darakta mai cin gashin kansa, ba wanda zai zauna a ƙarƙashin wani ana ba shi aikin da ransa bai so ba. Ina da fili da na gada. Wasu sun ce in sayar in yi fim ɗina, wasu sun ce in tafi makaranta a Jos, wasu kuma sun ce in je Kano in kama ƙafa da wani babba. Wace hanya irin waɗannan daraktoci suke bi, kuma daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da abin da ya fi gaggawa, kafin dillali ya riga ni zuwa wurinka: kada ka sayar da filin nan. Ban ce har abada ba, amma dai ba don fim ɗinka na farko ba, kuma dalilan suna tafe. Abin da na fahimta kana tambaya shi ne, ta wace ƙofa mutum yake shiga har ya kai inda zai yi fim ɗin da ke ransa, ba wanda ya tsaya masa a ka, kuma ya ci abinci da sana'ar. Na daɗe a harkar nan. Da littafin kwantiniti na fara, wato rubuta bayanan kowace ɗauka don kada hotuna su saɓa wa juna, na zauna a ɗakin editin, daga baya na ba da umarni. Saboda haka wani ɓangare na amsata tarihi ne, wani ɓangaren kuma abin da ya same ni ne da kaina.

Cin gashin kai daga hannun wa?

A Amurka, inda wannan laƙabi ya fi yin amo, ma'anarsa a fili take: daraktan da ya yi fim ba da kuɗin manyan kamfanoni irin su Disney da Warner da Universal ba. Mu ba mu da irin waɗannan. Masana'antarmu daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta taso. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi shi a 1990. Idan da ma'aunin Amurka za a auna, kowa a Kannywood gashin kansa yake ci. Amma wanda ya taɓa kwana a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ya san ba haka zancen yake ba.

Mu ubangidanmu shi ne mai kuɗin. A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ne masu faɗa a ji. Ka kawo fim, a dubi fosta, a ce babu fuskar da za ta sayar da shi. A ce ka ƙara waƙa, ko da labarin na makoki ne. A ce ka raba shi na ɗaya da na biyu, alhali labarin bai wuce na awa ɗaya da rabi ba, sai ka koma kana jan kowace fitowa kamar danƙo. Ba mugunta ce ta sa su ba, jarinsu suke karewa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau kasuwar faifai ta mutu, amma kujerar ba ta zauna babu kowa ba: gidan talabijin ne ko mai babbar tashar YouTube ko alhajin da ya zuba kuɗi yana so a saka yaronsa ya ja fim.

Don haka ni da tambaya biyu nake gane mai cin gashin kansa. Idan aka yi saɓani a ɗakin editin kan a cire wata fitowa ko a bar ta, maganar wa ake ɗauka? Kuma bayan shekara biyar, idan wani gidan talabijin ya zo neman fim ɗin, wa zai sa hannu ya karɓi kuɗin? Idan amsar duka biyun kai ne, to ka kai. Idan ba kai ba ne, ma'aikaci ne kai, ko da sunanka ya cika allo. Zama ma'aikaci ba abin kunya ba ne, mafi yawanmu ta nan muka bi, kuma har gobe muna komawa idan aljihu ya bushe. Abin da nake so kawai ka san a wane matsayi kake a kowane aiki, kada a ruɗe ka da suna.

Hanyar Oumarou Ganda

Idan matasa suka tambaye ni misali, ba na kai su nesa. Maƙwabcinmu nake ba su, Oumarou Ganda na Nijar, Bazabarme haifaffen Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙi a yankin da Vietnam take. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya tafi ci-rani Abidjan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ke bincike kan 'yan Nijar masu zuwa ci-rani. Rouch ya ɗauke shi aikin tattara bayanai, daga baya ya sa shi ya ja fim ɗinsa na 1958, inda Ganda ya ba da labarin rayuwar da shi kansa yake ciki.

Ga inda nake so ka lura. Ganda ya fito a fim ɗin da ya yi suna har Turai, amma bai tashi washegari ya ce shi darakta ba ne. Ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu koyon fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya yi aiki a matsayin mataimaki a bayan kyamara. Sai da aka yi wajen shekara goma kafin ya fitar da nasa na farko, Cabascabo, wanda bai kai awa ɗaya ba, kuma labarin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi abokai suka cinye masa kuɗi. Wato abin da ya sani da jikinsa ya ɗauka, da harshensa. An nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 1969. A 1972, lokacin da bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa, shi ne mutumin farko da ya ɗauke ta. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, bai cika hamsin ba, kuma manyan fina-finansa na labari ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Har yau kyautar da FESPACO take bai wa wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko sunan Ganda take ɗauke da shi, haka ma babbar cibiyar al'adu a Yamai.

Ba sai ka je yaƙi ko dako ba. Amma tsarin tafiyar kusan ɗaya ne a ko'ina: mutum ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya yi wa wasu hidima tsawon shekaru yana kallon yadda ake yi, ya fara da ƙaramin aiki kan abin da ya sani, sannan tsakanin fim da fim a sami tazara mai tsawo da ake cike ta da neman abinci. Sean Baker na Amurka, da ya ci babbar kyautar Cannes a 2024 da ta Oscar a 2025, fim ɗinsa na farko tun 2000 ya fito. Shekara ashirin da huɗu ke nan a tsakani.

Makaranta ko lokeshan

A Jos akwai makarantar koyon fim ta ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sassan wasan kwaikwayo. Idan kana da halin zuwa ba tare da ka taɓa filin ba, ka je. Makaranta za ta ba ka abubuwan da lokeshan ba ya bayarwa: za ta sa ka kalli fina-finan da ba za ka taɓa nema da kanka ba, za ta koya maka dalilin da ya sa ake ajiye kyamara a nan ba a can ba, kuma za ta haɗa ka da tsararrakinka masu ɗaukar hoto da sauti waɗanda da su za ka yi aiki shekara ashirin masu zuwa. Wannan na ƙarshen ma ya fi takardar shaidar daraja, don ban taɓa ganin furodusan da ya nemi darakta ya nuna masa satifiket ba.

Amma makaranta ba za ta koya maka abin da za ka yi ba idan ƙarfe huɗu ta yi, rana tana faɗuwa, jaruma ba ta iso ba, mai gidan da aka ara ya dawo yana cewa a fita, kuma saura fitowa shida. Wannan sai lokeshan.

Shawarata idan za ka shiga lokeshan, ka nemi aikin kwantiniti. Mutane suna raina shi, ni kuwa ban san wata kujera da ta fi ta koyarwa ba. Kai ne kake zaune dab da darakta da littafi a hannu, kana rubuta kowace ɗauka, wacce aka karɓa da wacce aka zubar. Kai ne za ka tuna cewa jiya da jarumi ya shigo ɗakin hularsa ta karkata hagu, shayin da ke kofin rabi ne, carbin yana hannun dama. Na tuna ranar da na fara gane sirrin aikin. Muna ɗaukar wata fitowa ta uwa da ɗanta a tsakar gida, daraktan ya ɗauki fuskar uwar tana sauraro har tsawon lokaci, ba ta cewa komai, ɗan yana magana a wajen hoto. Na rubuta a littafi ina ganin ɓata lokaci ne. Da muka je editin, sai ga shi duk nauyin fitowar a kan wannan shirun ya tsaya, maganar ɗan kuwa rabinta aka yanke. Tun daga ranar na daina kallon mai magana, na koma kallon mai sauraro.

Bayan kwantiniti, ka zauna kusa da edita ko da kyauta ne. A ɗakin editin ake ganin duk kuskuren darakta tsirara: inda ya manta bai ɗauki hoton kusa ba, inda aka tsallake layi har mutum biyu masu fuskantar juna suka koma kallon gefe guda, inda fitowa ta ƙare amma aka bar kyamara tana ta aiki. Wata shida a bayan edita mai haƙuri ya fi shekara biyu ana yawo a lokeshan babu wanda ke yi maka bayani.

Kama ƙafa da babba kuwa yana da amfani, yana da haɗari. Na ga yaran da suka yi shekara bakwai suna riƙe wa ubangida waya da jaka, ana ce musu lokacinsu na zuwa. Maganin wannan shi ne ka je da sana'a a hannunka. Ka riga ka iya yanka bidiyo a waya, to ka koyi yi a kwamfuta sosai kafin ka bar Gusau, yadda za ka shiga a matsayin mai amfani, ba ɗan rakiya ba. Kuma ka yanka wa kanka wa'adi a zuciya. Idan shekara biyu ta wuce ba ka koyi sabon abu ba, ka yi sallama cikin mutunci ka matsa, kada ka bar baya da ƙura, don masana'antar ƙarama ce, gobe za ku haɗu.

Gajeren fim, da maganar sauti

Labarin nan da ka daɗe kana rubutawa, ajiye shi tukuna. Ba don ba shi da kyau ba, ban karanta shi ba balle in yanke masa hukunci. Dalilina shi ne aikin farko na kowa cike yake da kurakurai, kuma bai kamata labarin da ka fi so ya zama shi ne allon koyonka ba. Ka yi gajeru uku ko huɗu, kowanne minti biyar zuwa goma sha biyar, 'yan wasa biyu ko uku, wuri ɗaya. Bidiyon barkwanci na minti ɗaya ya koya maka saurin kama hankali, wannan riba ce. Abin da bai koya maka ba shi ne riƙe mutum minti goma ba tare da dariya ba, da sa ɗan wasa ya yi abin da ba halinsa ba.

Wayar da ke hannunka ta isa. Shi Sean Baker ɗin da na ambata, fim ɗin da ya kai bikin fina-finai na Sundance a Amurka a 2015 da wayoyin iPhone guda uku aka ɗauke shi. Amma akwai abin da masu ba da wannan labari suke tsallakewa: sautin ba da waya aka ɗauka ba, ƙwararre ne ya ɗauka da kayan aiki na sosai. A nan ne nake so in daɗe, don a nan na fāɗi.

Fim ɗina na farko na kashe kusan duk abin da na tara wajen hayar kyamara mai kyau da fitilu. Sauti kuwa na bar wa wani yaro da makirfo ɗaya, ban ko saka abin saurare a kunnena ba tsawon kwanakin ɗaukar. Fitilun nan janareto suke so, muka ajiye shi a bayan katanga muna ganin ya yi nisa. Da muka zauna editin, edita ya ɗaga murya, sai ga gurnanin janareton a ƙarƙashin kowace kalma. A fitowar da na fi ji da ita, inda tsoho yake yi wa 'yarsa nasiha daren da za a kai ta, ana jin injin markaɗen maƙwabta tiryan-tiryan. Na nemi 'yan wasan su dawo su maimaita maganar a situdiyo, tsohon ya zo, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma rawar da muryarsa ta yi a daren nan ba ta dawo ba. Hoton ya yi kyau, kowa ya yaba, kuma babu wanda ya ji abin da na so a ji. Har yau idan na tuna yana yi mini ciwo.

Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, ba ya yafe maganar da ba ya ji, balle yanzu da mafi yawan masu kallonmu a ƙaramar lasifikar waya suke saurare, a shago ko a cikin mota. Kafin ka zaɓi gida, ka je ka tsaya a tsakar gidan a daidai lokacin da za ku yi ɗauka, ka rufe ido minti biyar. Za ka ji injin niƙa, da makarantar allo, da masu gyaran babur, da awakin maƙwabta. Ka tsara aikinka da lokutan salla, don kiran salla zai shigo kuma jama'arka za su tashi. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ka ɗauki mai sauti, ka bar kyamarar haya.

Kuɗi, da takarda

Yanzu ga maganar fili. Fim na farko da wuya ya mayar da kuɗinsa, kuma ba don mai shi ba shi da basira ba. Ba a san sunanka ba, ba ka da tashar da jama'a suka saba zuwa, ba ka da ƙarfin yin ciniki da gidan talabijin, kuma ranar da fim ɗin ya fita, kafin dare masu tura fina-finai a waya sun raba shi a kowace kasuwa ba tare da ko sisi ta zo hannunka ba. Fili yana nan yana ƙara daraja kana barci. Idan ka mayar da shi fim kuma fim ɗin bai dawo da komai ba, ba kuɗi kaɗai ka rasa ba. Ka rasa goyon bayan gida, a sana'ar da tun asali dangi da yawa suke yi wa kallon hadarin kaji, kuma duk ranar da ka sake cewa fim, filin za a tuna maka. Ka'idar da nake bai wa kowa ita ce, aikin farko a yi shi da kuɗin da idan sun ƙone za a iya yin barci.

To daga ina kuɗin za su fito? Daga inda suke fitowa ga kusan duk daraktan da na sani: ɗaukar biki da suna, bidiyon waƙa, tallar shaguna da makarantu, gajerun fina-finan faɗakarwa na ƙungiyoyi kan lafiya ko karatun yara, da yi wa wasu editin. Kada ka raina ɗaukar biki. A can za ka koyi ɗaukar abin da ba a maimaitawa, da aiki da hasken da ka tarar. Ka riƙa cire wani kaso daga kowane aiki kana ajiyewa da sunan fim.

Ranar da mai kuɗi ya zo, kuma zai zo idan gajerun sun yi kyau, a nan cin gashin kan naka zai tabbata ko ya tafi. Na taɓa yin aiki da wani bawan Allah da ya zuba kuɗi a labarin da ni na rubuta, na ba da umarni, na zauna a kan editin ɗinsa. Da baki muka yi magana, a kan tabarma, da shaidu biyu da suke abokansa. Na ji kunyar cewa a rubuta, don ya girme ni kuma ya yi mini alheri. Ya sallame ni daidai yadda muka yi, ban ce ya cuce ni a nan ba. Bayan shekaru sai na ga fim ɗin a wata tashar YouTube, an sauya masa suna, an yanke shi gunduwa-gunduwa, an cire fitowar ƙarshe. Ba ni da bakin magana, don babu inda aka ce ina da wani haƙƙi bayan sallamar.

Ka rubuta. Ko shafi ɗaya ne, ko da Hausa ne, kowa ya sa hannu da shaidu daga ɓangarorin biyu. A faɗi wanda ya mallaki labarin da wanda ya mallaki fim ɗin. A faɗi yadda za a raba abin da ya shigo bayan mai kuɗi ya cire uwar kuɗinsa. A faɗi wanda yake da maganar ƙarshe a editin. Idan gidan talabijin ko wata tasha za ka bai wa, ka ba su izinin nunawa na wa'adi, shekara kaza a wuri kaza, kada ka sayar gaba ɗaya sai in babu makawa. Musulunci ma da ya zo maganar bashi, a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cewa ya yi a rubuta, don haka babu rashin kunya a ciki. Su ma 'yan wasa da mai waƙa da mai kiɗa, kowa ya sa hannu cewa ya yarda a yi amfani da aikinsa, don duk mai sayen fim na kirki zai nemi waɗannan takardu. Ka yi wa ɗan kamfaninka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe masa asusu daban da naka. Kuma ainihin hotunan da aka ɗauka ka ajiye su a ma'ajiya biyu, a gida biyu.

Sai hukuma. Akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, Kano kuma tana da tata tun 2001. Duk wanda ya ga 2007, lokacin da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni har mutane da yawa suka kwashe kayansu zuwa Kaduna, ya san ba a wasa da wannan ɓangaren. Ka san dokar jihar da za ka yi aiki kafin ka kunna kyamara, ka gaida mai unguwa, ka nemi izinin masu gida, kuma matan da za su yi maka aiki a san inda suke, a mayar da su gida da wuri. Mutuncin lokeshan ɗinka jari ne da zai bi ka.

Ina za a kalla?

Wannan tambayar kafin a rubuta layin farko ake yin ta, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya kankama, harkar ta karkata zuwa fina-finai masu dogon zango. Alherin YouTube ga mutum irinka shi ne babu mai gadi a ƙofa, kuma tashar taka ce. Aminu Saira ya yi shekaru yana ba da umarni kafin ya fito da Labarina a 2020 a ƙarƙashin kamfaninsa, kuma wannan mallakar ita ce abin koyi a wurinsa. Amma ka san lissafin. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a kan dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu. Bayan haka kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne naka, kuma abin da talla take biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, na gida bai kai na Turai ko ƙasashen Larabawa ba. Sannan tashar tana da yunwa, kowane mako sai ka ba ta. Na ga masu basira da wannan yunwar ta mayar da labarinsu na zango ɗaya ya koma zango biyar, ba don labarin ya nema ba. Shi ma ubangida ne, sai dai ba ya magana.

Ɗaya hanyar ita ce ta bukukuwan fina-finai: Zuma a Abuja, AFRIFF a Legas, KILAF a Kano, FESPACO da ake yi duk bayan shekara biyu. Ta nan ake kai wa ga tallafi irin asusun Hubert Bals na bikin Rotterdam da asusun bikin Berlin, waɗanda aka kafa don masu fim daga ƙasashe irin namu. Ni aikina a kasuwar gida na yi shi, a wannan ɓangaren abin da na gani a wurin abokan aiki nake faɗa maka, kuma abin da na gani shi ne hanya ce mai jinkiri da yawan cike takardu da Turanci, ana ƙin mutum sau da yawa kafin a karɓe shi. Abu biyu dai tabbas ne. Bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka saka a intanet, don haka idan can ka nufa da wani gajeren, ka danne zuciyarka kada ka ɗora shi. Kuma fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ka bai wa wanda ya iya harsunan biyu da gaske, don mummunar fassara ta kashe fina-finanmu masu kyau a idon baƙi. Hausar kanta ba cikas ba ce: a 2020 da 2024, fina-finan da Nijeriya ta zaɓa su wakilce ta a gasar Oscar duka da Hausa aka yi mafi yawan maganarsu.

Ban san nauyin da ke kanka a gida ba, kuma shi ne zai yanke ko Jos za ka fara ko Kano. Amma akwai abin da za ka iya yi a Gusau a cikin watan nan. Ka buɗe labarin nan naka, ka nemo fitowa ɗaya da mutum biyu suke son abu biyu mabambanta a ɗaki ɗaya. Kada ka ɗauke ta ita kanta, ka rubuta wata mai kama da ita da wasu mutane daban, shafi huɗu ko biyar. Ka yi gwaji da 'yan wasan kwana biyu babu kyamara. Ka ari makirfo, ka saka abin saurare a kunnenka, ka ɗauka da safe kafin gari ya cika da ƙara. Idan ka gama yankawa, kada ka nuna wa abokanka, za su ce ya yi. Ka tara mutum goma da ba su san kai ka yi ba, ka zauna a bayansu, ka bar allon ka kalli su, ka rubuta daidai mintin da na farkonsu ya zaro waya daga aljihu. Sai ka koma kan kwamfuta ka duba me ke faruwa a wannan mintin, ka turo mini da shi mu duba tare.